Wa Ake Yi Wa Dariya A Labarin Mayu?

 Batun da za mu tattauna a wannan mako, a ganin farko, bai kai ya shigo filin addini ba, domin kuwa magana ce a kan wani littafin ban dariya na Turanci da aka rubuta wa yara. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce ƙwarai, ta kuma shafi duk gidan da ke da ɗan makaranta. Shin ya halatta mutum ya yi dariya a kan abin da Allah Ya haramta? In kuwa an yi dariyar, me take yi wa zuciya? Rage wa haramun nauyi take yi, ko kuwa tona masa asiri?

Littafin shi ne The Wee Free Men, wanda wani Bature ɗan Ingila mai suna Terry Pratchett ya wallafa a 2003. Daga baya ya bi shi da wasu huɗu a kan yarinya guda, na ƙarshensu ya fito a 2015, bayan rasuwarsa da 'yan watanni. Yarinyar sunanta Tifani, shekarunta tara a littafin farko, 'yar makiyayan tumaki ce, gwanar yin cuku, kuma burinta a duniya shi ne ta zama abin da Turawa ke kira witch. Sarauniyar aljanu ta sace mata ƙane, ita kuwa ta bi sawu ba ta riƙe da komai sai kaskon suya na ƙarfe. Masu taimakonta wasu 'yan mitsi-mitsin mutane ne, tsawonsu bai wuce inci shida ba, jikinsu shuɗi, gashinsu ja, ba su san komai ba sai faɗa da sata da shaye-shaye, kuma abin da suka fi tsoro a duniya shi ne rubutu da lauyoyi. Duk wanda ya taɓa shiga hannun lauya ba zai zarge su da yawa ba.

Wata malamar makaranta daga cikin masu karatunmu ta aiko da ra'ayinta a kan wannan littafi. Ta ce ta yi dariya har da hawaye, kuma ita ba ta ga wani aibu ba, wasa ne kawai. Ta ƙara da cewa wani abokin aikinta ya ce mata duk littafin da aka mai da mayya jaruma a cikinsa kira ne zuwa ga sihiri, wuta ce ta dace da shi. A ganina dukansu biyu sun yi gaggawa, ko da yake gaggawar ɗaya ta fi ta ɗaya.

Bari mu fara da kalmar kanta, domin a nan ne rikicin ya soma. Ƙamus ya ce witch ita ce mayya, amma Bahaushe in ya ce maita yana nufin wani abu takamaimai, watau mutumin da ake cewa yana da ƙanƙara a cikinsa, ya gaje ta ko ya saye ta, yana kama kurwar mutum ya lashe har ya mutu. Sihiri kuma dabam yake, abu ne da ake koya ana aikatawa da ƙulle-ƙulle da neman taimakon shaiɗanu. Sa'an nan ga bokanci da duba, sana'ar masu da'awar sanin gaibu. Bature ya tattara waɗannan duka ya zuba a kalma ɗaya, Pratchett kuwa ya ɗauki kalmar ya zazzage abin da ke ciki, ya zuba wani abu dabam. Matan da ya kira da wannan suna ba su cin kurwa, ba su bauta wa Shaiɗan. In za a fassara aikinsu da gaskiya, mafi kusa da shi a wurinmu ita ce tsohuwar unguwa wadda ita ce ungozoma, ita ce mai sassaƙe-sassaƙe, ita ce mai wankan gawa, ita ce kuma mai raba faɗan ma'aurata. Sai dai ya ɗora musu hula mai tsini, ya ba su tsintsiyar hawa, ya kuma bar musu ɗan abin mamaki da suke iya yi amma ba su cika yi ba.

Hukuncin sihiri a Musulunci ba wurin jayayya ba ne, kuma babu littafin da zai motsa shi. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta danganta koyar da shi ga shaiɗanu, ta kuma bayyana cewa mai sayensa ba shi da rabo a Lahira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shi cikin zunubai bakwai masu halakarwa, a jere da shirka da kisan kai. Ko zuwa wurin ɗan duba a tambaye shi, hadisin Muslim ya nuna yana hana karɓar sallar kwana 40. To, amma abin da aka haramta shi ne yin sihiri, da koyonsa, da zuwa wurin mai yinsa, da gaskata shi. Ambatonsa a cikin labari wani abu ne dabam. Da ambato laifi ne, da mun daɗe da ƙone Ruwan Bagaja da Gandoki da aka buga tun 1934, da Magana Jari Ce, da Dare Dubu Da Ɗaya, waɗanda ke cike da aljanu da zobban tsafi, alhali kuwa a kansu iyayenmu suka koyi karatun boko, ba mu kuwa ji an ce sun tashi matsafa ba.

Akwai mai cewa ai ƙagaggen labari ƙarya ne, ga kuma gargaɗi mai tsanani da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito a kan wanda ke shirya ƙarya domin ya ba mutane dariya. Wannan hujja ce mai nauyi, wasu malamai ma saboda ita suka ƙyamaci ƙagaggun labarai gaba ɗaya. Amma malamai da dama sun duba ma'anar ƙarya, suka ce ita ce a ba mutum labari saɓanin gaskiya domin ya ɗauka gaskiya ne. Mai tatsuniya kuwa tun da ya ce ga ta nan ga ta nanku ya sanar da kowa inda aka dosa, babu wanda aka ruɗa. Shi ya sa a zaurukan malamanmu ake karanta Maƙamatul Hariri, wanda gaba ɗayansa ƙagaggen labarin wani tsohon mayaudari ne, Abu Zaidin Saruji, malami na fassarawa almajirai na murmushi. Hariri da kansa, wanda ya rasu a 1122, ya kāre aikinsa a gabatarwa da misalin labaran da ake sa wa a bakin dabbobi. Duniyar da Pratchett ya ƙaga faifai ce a kan giwaye huɗu, giwayen kuma a bayan wani ƙaton kunkuru. Babu yaron da zai ɗauki wannan a matsayin darasin labarin ƙasa.

Wannan ya isa amsa ga mai neman ashana. Amma malama ma ba ta tsira ba da cewa wasa ne kawai, domin babu wasan da yake kawai. Dariya ma'aikaciya ce, tana aiki a zuciya fiye da wa'azi, saboda tana shiga ba tare da sallama ba. Abin da aka saba yi wa dariya yakan ƙanƙance a ido, ko da mai girma ne, kuma wanda ya ba ka dariya kakan yafe masa abin da ba za ka yafe wa wani ba. Mun ga yadda 'yan wasan kwaikwayo suka mai da mashayi abin sha'awa, suka mai da malamin allo abin ba'a, ba tare da sun taɓa cewa giya halal ce ko karatu banza ne ba. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai hankali game da kowane littafin ban dariya ita ce, a kan wa dariyar take sauka?

Da na bi littattafan nan da wannan tambaya, abin da na tarar ya ba ni mamaki. Dariyar tana sauka ne a kan kayan tsafin kansu. A littafi na biyu, A Hat Full of Sky na 2004, Tifani tana da shekara 11, an kai ta koyon aiki, ta haɗu da sa'o'inta 'yan mata masu koyo. Shugabarsu wata ce mai suna Annagramma, almajirar wata mata mai son a san da ita, wadda ta ɗauka aikin shi ne tara sarƙoƙin azurfa da sandunan tsafi da rawa a da'ira da furta kalmomi masu nauyi. Duk wannan marubucin ya mai da shi abin tausayi, ya nuna a shago ake sayen kayan, da tsada kuwa, kuma ba su tsinana komai. Wadda ta fi amfani a cikin 'yan matan ita ce wadda ake rainawa saboda ba ta iya komai ba sai jinyar dabbobi. A littafi na uku, Wintersmith na 2006, akwai wata tsohuwa da ake cewa shekarunta 113 wadda duk ƙasar ke rawar jiki a gabanta saboda ƙoƙunan kan mutane da saƙar gizo-gizo da ke ɗakinta. Tifani ta gano cewa ƙoƙunan na jabu ne, daga shagon sayar da kayan wasa aka yi odarsu.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin boka ya san wannan sirri. Jan ƙyalle da baƙin ƙyalle, ƙahon da aka naɗe da fata, hayaƙi, duhu, murya mai kauri daga bayan labule, waɗannan su ne jarinsa, kuma rabin ƙarfinsa tsoron da ka shigo da shi ne. Alƙur'ani ma da ya ba da labarin matsafan Fir'auna, a Suratul A'arafi da Suratu Ɗaha, ya nuna cewa idanun mutane suka sihirce suka tsorata su, igiyoyi da sanduna suna nan a igiyoyi da sandunansu. Yaron da ya koyi yin dariya ga ƙoƙon kai na roba, ina kyautata zaton zai yi wuya a karɓe masa kuɗi da ƙahon rago. Wannan ba yana nufin sihiri ba shi da haƙiƙa ba. Ahlus Sunna sun tabbatar yana da ita, ba ya kuwa cutarwa sai da izinin Allah, shi ya sa aka ba mu Falaƙi da Nasi. Amma mafi yawan abin da ake sayarwa a kasuwa da sunansa damfara ce tsagwaronta.

Aikin da aka girmama a littafin kuwa, wanda ya sa Tifani ta yi ta ƙunƙuni da farko, shi ne zagaya gidaje. Malamarta tana ɗaukarta su je su yanke wa tsoho farcen ƙafa, su wanke gyambo, su karɓi haihuwa, su kwana a gaban mai jinya, ba a biyansu sai da ɗan abinci ko tsohon tufafi. Lokacin da yarinyar ta sami ƙarfin tsafi na sosai, ta hanyar wani halitta marar jiki da ya shige ta, abin bai zo da daɗi ba. Bai kawo mata wani sharri daga waje ba, linzamin da ke riƙe da son zuciyarta kawai ya cire, sai ga ta tana wulakanta mutane, har ta sace kuɗin da wani tsoho ya tara domin jana'izarsa. Da ta dawo hayyacinta aka tilasta mata ta je ta tsaya a gabansa ta faɗi abin da ta yi. Malaman tarbiyya sun daɗe suna faɗa mana cewa rai mai yawan umurni da mummuna yana nan a cikin kowa, dama kawai yake jira.

Duk da haka akwai wuraren da ba zan bi marubucin ba, kuma wajibi ne uba ya san su kafin ya miƙa wa ɗansa littafin. A littafi na biyu akwai wasu mutane da suka haƙa masai kusa da rijiya, 'ya'yansu suna ta ciwo. Malamar Tifani ta yi ta yi musu bayanin ƙananan halittun da ido ba ya gani, ba su ji ba. Sai babbarsu, wadda ake kira Kaka Weatherwax, ta ce musu ai aljanu ne warin ke jawowa, nan da nan suka tashi masan. Marubucin ya kawo wannan a matsayin hikima, mai karatu kuma ya yi dariya. Ni kuwa a nan dariyata ta tsaya. An ceci yaran, gaskiya ne, amma an bar iyayen cikin jahilcin da aka tarar da su, an ma ƙara musu, kuma gobe wani da ba shi da kyakkyawar niyyar Kaka zai shigo ta wannan ƙofa da aka buɗe. Da wannan dabarar ce boka yake ci. Ranar da ɗan Manzon Allah, Ibrahim, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Da ya yi shiru da girmansa ya ƙaru a idonsu, amma ya tashi ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ba su husufi domin mutuwar kowa. Wannan ita ce hanyarmu, ba a gina alheri a kan camfi ko da camfin zai yi aiki.

Sa'an nan Pratchett mutum ne da bai yi imani da addini ba, bai kuwa ɓoye ba. A duniyarsa alloli da yawa ne, kuma abin dariya ne, alherin da jarumansa ke yi ba don neman yardar Ubangiji suke yi ba, don dai babu wanda zai yi ne in ba su ba. Ga kuma 'yan shuɗayen nan da aka mai da shansu da satarsu abin raha. Baligi mai tushe zai karanta ya ɗauki tsaba ya zubar da ƙaiƙayi. Yaro ɗan shekara goma kuwa bai kamata a bar shi da shi shi kaɗai ba, ana bukatar babba a kusa wanda zai tambaye shi me ya gani, ya kuma rarrabe masa tsakanin mayyar takarda da sihirin da aka hana.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin farko ba abin dariya ba ne ko kaɗan, shi ne dalilin da ya sa Tifani ta zaɓi wannan hanya. A ƙauyensu akwai wata tsohuwa, Snapperly, ba ta da kowa, ba ta da haƙora, tana magana ita kaɗai, tana zaune da kyanwarta a bakin daji. Ɗan hakimin ƙasar ya fita kilisa ya ɓace. Mutane suka ce ita ce ta jefa shi a tanderu. Suka ƙone mata ɗaki, suka jefe kyanwar, aka bar ta tana bara ƙofa ƙofa ana korarta, har sanyin hunturu ya kashe ta. Yarinyar nan ita kaɗai ta je kangon ta duba tanderun, ta ga ƙarami ne, ta kuma tambayi kanta, to dokin fa, shi ma ta gasa shi? Daga baya ta tarar da ɗan hakimin da ransa a ƙasar aljanu. Hikimar da littafin ke yabo a wurinta abu biyu ne, ganin abin da ke gabanka yadda yake, ba yadda aka ce maka yake ba, da kuma sake duban tunaninka kafin ka yarda da shi.

Pratchett bai ƙagi wannan daga iska ba, tarihin ƙasarsu ne. A 1612 aka gurfanar da wasu mutanen yankin Pendle a arewacin Ingila bisa zargin maita, aka rataye goma, kuma babbar mai shaida yarinya ce 'yar shekara tara, sa'ar Tifani, wadda aka sa ta ba da shaida a kan mahaifiyarta. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda aka kashe a Turai bisa wannan zargi tsakanin 40,000 da 60,000, mafi yawansu mata. Sai a 1735 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta hana kashe mutum da sunan maita.

To, mu fa? Wa bai san yadda abin yake ba a unguwanninmu? Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, zafi ya hau masa kai ya fara sambatu, ya ambaci sunan tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a bakin layi. Shi ke nan an gama shari'a. A jawo ta a gaban jama'a, a ce sai ta tsallake shi, wani lokaci a tuɓe ta, 'ya'yanta mata su rasa mazan aure, jikokinta su gaji sunan har bayan ta mutu. Da wuya ka ji an kama matar attajiri ko uwar mai mulki da maita, kullum ƙanƙarar a cikin gwauruwa marar gata take. A arewacin Gana har matsugunai ake da su na matan da aka kora daga garuruwansu, mafi shahara shi ne na Gambaga. A watan Yulin 2020, a garin Kafaba, aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, dukan da ya kashe ta a gaban taron jama'a, bayan wata mai duba ta nuna ta. Majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana irin wannan zargi a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa mata hannu ba.

Mu kuwa ba mu da uzurin jiran majalisa. Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike in fasiƙi ya zo da labari, ta kuma hane mu da yawan zato. Ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa shi zai kawo hujja, kuma babu alƙalin da ya san aikinsa da zai karɓi mafarki ko sambatun mai zazzaɓi ko nunin ɗan duba a matsayin shaida. Wanda ya je wurin boka domin a gano masa mayya ya haɗa laifi biyu a tafiya ɗaya, ya gaskata mai da'awar gaibu, ya kuma ci mutuncin Musulma, in an kai ga duka har ta mutu ya ƙara da na uku, wanda ke cikin bakwai ɗin nan da muka ambata, kusa da sihirin da yake cewa yana yaƙa. Ko dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewacin Nijeriya ta sanya zargin mutum da maita cikin laifuffukan da ake hukuntawa, sai dai tsohuwar da aka tuɓe a bakin layi ba ta san da wannan ba, masu tuɓe ta kuwa sun san babu wanda zai kai ƙara a madadinta.